Algus: Ma'anarsa Da Wuraren Da Ya Ke Shiga

Cikin kalmomin da Hausa ta tanada domin cutar da mutum kan yi wa ɗan'uwansa a wajen ciniki, akwai guda ɗaya wadda na ga alamar tana neman kuɓuce wa samari, ita ce algus. Dattawan kasuwar Lafiya da mata masu awo sun san ta sarai, amma yaran da muka tarar a makarantun da aka rarraba mu koyon koyarwa, galibinsu in ka faɗe ta sai su yi zuru. Ban ga laifinsu ba. Garin nan namu mahaɗa ne: ga Barebari waɗanda kakanninsu suka kafa shi, ga Eggon, ga Alago, ga Gwandara, ga Migili, ga Tibi, ga Fulani da Hausawa, kowa da harshen gidansu, Hausa kuwa ita ce ta kasuwa da tasha. Harshen da bakuna da yawa ke juya shi ya kan goge kamar tsohon kwabo, sai kalma guda ta riƙa ɗaukar kayan kalmomi goma. Shi ya sa yau kome aka yi wa yaro sai ya ce an cuce shi, ko an yi masa wayo, shi ke nan. To, mu da za mu tsaya gaban allo gobe, ya kamata saninmu ya wuce haka.

Asalin kalmar Larabci ne. Larabawa suna cewa gishshu, in sun sa mata al a gaba ta zama algishshu. Bahaushe ya karɓe ta duk da al ɗin, kamar yadda ya yi da alƙali, da alƙalami, da albasa, da aljihu, da almakashi. Harafinta na fari irin na maƙogwaro ne wanda Hausa ba ta da shi, saboda haka aka mai da shi g, kamar yadda aka yi a magariba, da gafara, da galibi. Wani ya ce algus, wani ya ce algushu, duk daidai ne, kada mu ja wa yaro jan layi a kan ɗayansu. Wani lokaci kuwa a ɗin nan na al faɗuwa ya ke yi ya bar l kaɗai, da haka muka sami labari, da lokaci, da littafi, da laifi, har da ita kanta lafiya da mu ke gaisuwa da ita. Ba mu kaɗai muka ari kalmar ba. Mutanen gabashin Afirka masu magana da Suwahili suna da ita, suna cewa kughushi ga wanda ya ƙaga takardar ƙarya ko ya kwaikwayi sa hannun wani.

Ciwon da kalmar ke faɗi kuwa tsoho ne a ƙasar nan. Shehu Magili, malamin nan da ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, da ya wuce Gawo sai Askiya Muhammadu na Songai ya kawo masa tambayoyi a kan sha'anin mulki, cikinsu har da abin da za a yi da masu tauye awo da masu gauraya kaya a kasuwa. Watau yau fiye da shekara ɗari biyar ke nan sarakuna suna fama da mai mudu.

To, mene ne algus? Shi ne mutum ya sayar da abu yana ɓoye aibinsa, ko ya cuɗa mara kyau cikin mai kyau ya karɓi kuɗin mai kyau. Mai karatu da ya taɓa zuwa inda a ke lodin doya ya san yadda a ke jera ta ƙwarya ƙwarya, ko wace ƙwarya guda ɗari. Mai algus ya kan sa manya manya a waje inda ido ke sauka, ƙanana da waɗanda suka soma ruɓa ya tura su ciki. Wadda ƙarfe ya sare wajen haƙa, sai a shafe raunin da laka ya bushe, ba mai gane shi sai ta kai Legas ko Kano ta narke a rumfa. Mai riɗi ya kan nemi yashi mai laushi wanda launinsa ya yi kusa da na ƙwayar, ya barbaɗa a tsakiyar buhu, ko ya yayyafa ruwa da dare domin nauyi ya ƙaru a kan sikeli. Mai nono ta kan tsinka shi da ruwa, in ya yi tsararo ta kaɗa masa gari ya yi kauri. Mai zuma ya kan dafa sukari ya haɗa. Mai man ja ya kan sa rini domin ja ya ƙara fitowa. Mai gawayi ma ba a bar shi baya ba, manyan gutsattsari a bakin buhu, gari da ƙasa a gindi.

A duba duk waɗannan, za a ga abu guda wanda ya raba algus da sauran 'yan'uwansa, shi ne kuwa ba ya rayuwa sai a bayan abin kirki. Dole a sami doya ta gari da za ta rufe ruɓaɓɓiya, dole a sami riɗi na gaske da zai ɗauki yashin. In babu na kirki ko kaɗan, abin ya tashi daga algus ya koma jabu, kamar kuɗin jabu, wanda daga farkonsa har ƙarshensa ƙarya ne. Ni a ganina wannan shi ya sa algus ya fi jabu wuyar kamawa, ya kuma fi shi sauƙin shiga zuciyar mutumin kirki. Mai buga kuɗin jabu ya san shi mugu ne. Amma manomin da ya zuba gwangwani biyu na yashi cikin buhun da ya sha rana ya noma, cewa ya ke yi ai kusan dukansa riɗi ne, ya kwana da barcinsa.

Gauraye shi kaɗai ba algus ba ne, sai an ɓoye. Mace ta haɗa dawa da masara ta ce ga haɗi nan, mudu kaza, ba ta yi laifin kome ba. Mai doya ya ware sararru gefe guda ya ce waɗannan sararru ne, a rage wani abu, ciniki ne na halal. Mai fura ta ƙara ruwa bisa ga roƙon mai sha, ba wanda aka cuta. 'Yan'uwanmu Musulmi suna da labari a cikin hadisan da Imamu Muslim ya tara, cewa Annabi Muhammadu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da tsibin abinci, ya cusa hannu ciki ya ji danshi. Mutumin ya kawo hanzarin cewa ruwan sama ne ya taɓa shi. Ba a tsauta masa domin ruwan sama ba, gama ba shi ya saukar da shi ba, sai domin bai sa jiƙaƙƙen a bisa inda masu saye za su gani ba. Kalmar Larabci da ta zo a hadisin nan ita ce uwar algus ɗinmu. Mu kuma da muka yi makarantar mishan an karanta mana Annabi Amos, wanda ya yi zamani wajen shekara 750 kafin haihuwar Almasihu, yana faɗa da 'yan kasuwar Isra'ila masu ƙanƙanta mudu, masu sayar wa matalauta har da sharar alkama.

Tun da maganar mudu ta taso, bari in raba su, domin yara su kan haɗa. Tauye mudu cuta ce ta yawa, algus cuta ce ta kyau. Wadda ta bubbuga gindin kwanon awonta ya loɓa ciki domin ya ci kaɗan, hatsinta lafiyayye ne, adadi ta rage. Wadda ta cika mudu har ya yi tozo amma rabin na ƙasa ƙaiƙayi ne, ita ce mai algus. Sata kuwa ɗauka ce ba da sanin mai abu ba. Abin takaicin algus shi ne mai kuɗi da hannunsa ya ke miƙawa, har ya yi godiya ya ce sai wani jiƙon.

Zamba ta fi wannan zurfi, gama ita shiri ce da a ke ƙulla wa mutum, in kuwa wanda ya yarda da kai ne ka ƙulla wa, sai a ce zamba cikin aminci. Ha'inci na wanda aka ba amana ne, kamar yaron kanti ko ma'ajin ƙungiya. Damfara ta mai daɗin baki ce, wanda ba ya ma bukatar kaya, alkawari kawai ya ke sayarwa. Irinta ce ta MMM, wadda ta rufe asusun mutane a watan Disamba na 2016, ta bar dubban gidaje da kuka. Ita ce kuma a ke yi wa laƙabi da 419. Ga wani abin sani game da lambar nan: sashe ne na kundin dokokin laifi na kudancin Nijeriya. Namu kundin na Arewa, wanda ya soma aiki a 1960, a sashe na 320 ya yi bayanin cuta. Amma lambar kudu ce ta shiga bakin duniya, har yaron da bai iya ƙirga ɗari ba ya san ta.

Akwai wuraren da iyaka ba ta fita sosai. Bayan an rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, an yi ta jin labarin masu ɗura shinkafar gida cikin buhunan waje domin su sayar da tsada. A nan shinkafar ba ta da aibi, wataƙila ma ta fi ta wajen daɗi, irin wadda a ke sarrafawa a injinan garin nan. Buhun ne maƙaryaci. Waɗansu sun ce algus ne tun da an ɓoye gaskiyar kaya, ni kuwa na fi son in kira shi yaudara. Wanda ya ce algus ba zan yi gardama da shi har rana ta faɗi ba.

Wajen sa kalmar cikin magana, ga abin da za mu kula da shi. Algus suna ne, namiji, ba shi da aikatau na kansa. Ba a cewa ya algusa ni, ko da ya ke na ji yaro ya faɗi haka, abin har da ban dariya. Sai dai a jingina shi ga yi. A kan ce ta yi algus. A kan ce ta yi wa nono algus, a nan kayan ne aka ambata. A kan ce kuma ta yi mini algus, a nan mai saye ne. Haka mai algus yana iya zama mutum, yana iya zama kaya: ɗan kasuwa mai algus, zuma mai algus. Wannan ya bambanta da cuta, wadda ta ke da 'ya'ya da jikoki: ya cuci Audu, ya cuce shi, na cutu, macuci, macuciya, macuta. Kuma cuta baki biyu gare ta, ta ciniki da ta jiki, ko da ya ke in aka ce cututtuka, na asibiti kaɗai a ke nufi.

Wani lokaci fa bakunan nan biyu su kan haɗu wuri guda. A 1990, sa'ad da Lafiya ke cikin Jihar Filato, yara 47 suka mutu a asibitin koyarwa na Jos bayan sun sha maganin zazzaɓi na ruwa. Da aka bincika sai aka tarar ruwan da aka haɗa maganin da shi ba na gaske ba ne, wani ne mai kama da shi a ido, mai guba, wanda ke kashe ƙoda. Bayan shekara uku, a 1993, aka kafa hukumar NAFDAC domin duba abinci da magunguna. Duk da haka a 2008 irin gubar nan ta sake shiga maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin, yara fiye da 80 suka rasu. A wannan shekara kuma a ƙasar Sin aka zuba wani sinadari cikin madarar jarirai domin in an auna ta a ga kamar tana da ƙarfi, jarirai wajen 300,000 suka kamu da ciwo, 6 suka mutu. Dabarar ita ce dai ta mai nono da garinta, sai dai tukunyar ta fi girma.

Ko inda ba a rasa rai ba, akwai hasarar da ba a cika lissafa ta ba. Riɗin da a ke nomawa a Doma da Awe da Keana da kewayen Lafiya, yawancinsa ƙetare ya ke tafiya, Japan da Sin da Turkiyya. Mai saye ba shi da lokacin da zai zazzage ko wane buhu. Da ya gane cikin buhu goma a kan sami biyu ko uku masu yashi, abin da zai yi shi ne ya rage farashin dukansu, ya ce na datti ne. To, wa ya biya? Manomin da ya sheƙe nasa tas, shi aka yanke wa kuɗi a kan yashin da bai zuba ba. Baɗi sai ya ce shi ma ba zai zama wawa ba, ya zuba nasa, mai saye ya daɗa ragewa. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, in ji Hausawa, amma a nan garin ne duka ke komawa wake. Kada kuma a ɗora wa manomi laifi shi kaɗai. Tun zamanin dalar gyada a Kano manoma ke kuka da sikelin 'yan baranda, da yawansu suna ganin yashin ramuwa ce. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Yanzu bari in shigo gida, domin ba don kasuwa kaɗai na ɗauki alƙalami ba. A ƙasashen Larabawa yau, in ɗalibi ya leƙa takardar wani a ɗakin jarrabawa, da wannan kalma ta gishshu a ke kiran abin da ya yi. Mu muka tsare ta a kasuwa. A makaranta mu kan ce satar amsa ga yaron da ya shiga da 'yar takarda a cikin safa, mu ce maguɗi ga wanda ya sauya lambobi a ofis ko ya fitar da tambayoyi kafin ranarsu, kamar yadda mu ke cewa maguɗin zaɓe. Waɗannan sun yi daidai, ban ce a sake su ba. Amma suna faɗin aikin ne kawai, ba su faɗin kayan da aka fitar. Takardar shaidar da ta ce yaro ya ci lissafi da Turanci alhali ba ya iya rubuta wasiƙa, me za mu kira ta? Ba jabu ba ce, gama hukuma ce ta buga ta, da hatiminta da lambarta, yaron kuwa ya zauna aji shekara shida, ya san wani abu. Bakin buhu ne mai kyau, ciki da yashi. Ni ban san sunan da ya fi algus dacewa da ita ba.

Kuma abin da ya sami riɗi shi ya sami takarda. Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, ta sha fama da fitar tambayoyi, mafi suna shi ne na 1977, wanda daga gare shi kalmar ekspo ta zauna a bakin 'yan makaranta. Da jami'o'i suka daina sakankancewa da makin da ɗalibai ke zuwa da shi daga JAMB, sai a 2005 suka soma yi musu wata jarrabawa tasu a bakin ƙofa, watau kowa ya zazzage buhunsa a gani, mai gaskiya da mara gaskiya, kowa kuma ya biya kuɗin mota da na zama. A 2017 gwamnatin Kaduna ta gwada malaman firamare kimanin 33,000 da tambayoyi irin na aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin da ta yanka ba. An yi gardama mai zafi a kan yadda aka shirya gwajin, kuma akwai abin dubawa a gardamar. Amma dai dukansu da takarda a hannu aka ɗauke su aiki, irin wadda mu ke zaune a kwalejin nan muna nema. Daga ranar nan ko wace takardar malanta a Arewa ta rage daraja a idon jama'a, har da tamu da ba a ba mu ba tukuna.

Abin da ya fi damuna shi ne sunayen da mu ke sa wa abin in ya zo hannunmu. Malamin da ya rubuta amsa a allo ranar jarrabawa, cewa a ke yi ya taimaki yara. Kuɗin da a ke tarawa domin mai sa ido ya fita shan iska, a kan kira shi na ruwa, ko na haɗin kai. Wanda ya cika takardar makin gwajin aji da lambobi daga kansa, alhali bai yi gwajin ko sau ɗaya ba, a kan ce ya iya aiki. Ɗalibin da ya kwafi aikin bincike na wanda ya fita bara ya sake bango da suna, a kan ce yana da wayo. Kalmar wayo ɗin nan ma abar tausayi ce. A Hausa in aka ce yaro ya yi wayo, ana nufin ya girma ya san dama da hagu, amma da ta shiga Turancin kasuwa na kudu ba ta da sauran ma'ana sai ta cuta, kuma da wannan fuska ta ke komowa wurin yaranmu.

Doka dai ba ta san taimako ba. A 1984 gwamnatin soja ta yanka ɗaurin shekara 21 ga mai maguɗin jarrabawa. Dokar 1999 ta sassauta, ta ce yaron da bai kai shekara 18 ba ana iya cinsa tarar da ba ta wuce naira 100,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko duka biyu. Amma shugaban makaranta, da malami, da mai sa ido, da mai gyaran takarda, nasu shekara 4 ne, ba zaɓin tara. Masu rubuta dokar sun san hannun wa ke bakin buhu sa'ad da a ke ɗinke shi.

Ga wanda zai koyar da kalmar a aji biyar ko shida, ba sai ya rubuta dogon bayani a allo ba. Ya sayi riɗi mudu guda, ya raba shi kwano biyu, ɗaya ya bar shi yadda ya ke, ɗaya ya sa yashi a ƙasa ya rufe da riɗi. Ya sa yara su zaɓi wanda za su saya da ido kawai, sa'an nan ya kira ɗaya ya cusa hannu. Bayan wannan ya kawo kwano na uku wanda aka loɓa gindinsa, ya bar su su gano da kansu cewa wannan kuma tauye mudu ne. In akwai 'ya'yan Eggon ko Alago ko Tibi a ajin, ya tambaye su yadda a ke faɗin ko wanne a harshen gidansu, ya rubuta a gefen na Hausa. Yaran da iyayensu ke awo a kasuwa za su kawo misalan da malam bai taɓa ji ba, sai ya tanadi fili a allo.